Ranar da Zakari Ya Ɗaure Hannun Dama

Duk wanda ya taɓa bi ta layin gidan Alhaji Abdulbaƙi a Nassarawa GRA ya san Zakari mai gadi, ko bai ga fuskarsa ba ya ji muryarsa. Dogo ne siriri, wuyansa kamar na zalɓe, amma in ya kira mai ruwa daga bakin get sai karnukan layi na uku su amsa. Shi ya raɗa wa kansa suna Guduma, ba wanda ya taya shi.

Kullum da hantsi direbobi da masu gadin layin kan taru a teburin Lawan mai shayi, ƙarƙashin dogonyaro. Nan Zakari yake buɗe faifansa. A faɗarsa, daga Gumel har Maigatari babu ɗan damben da bai shimfiɗe ba.

"To Guduma, me ya sa ka bari?" in ji Idi, direban Alhaji, wanda tsokanar Zakari ta zame masa karin kumallo.

"Shari'a," Zakari ya ce, yana shafa hannun damansa. "Tun ranar da aka ƙaddamar da ita na kulle hannun nan. Ƙisasi fa aka ce. Ni naushi ɗaya nake zubar wa mutum haƙoran gaba gaba ɗaya. Dubi bakina, ka ga na yi kama da mai rarar haƙorin biya?"

Aka fashe da dariya. Shi kuwa ya ɗauka yabo ne, ya ce Lawan ya ƙara masa madara.

Wata Alhamis Idi ya zo teburin ba wasa a fuskarsa. Ya ja Zakari gefe ya gaya masa abin da ya ji a mota: Alhaji yana magana da wani kamfanin tsaro. Za a kawo samari masu yunifom, a kafa jiniya a saman get, wadda ko mage ta haura katanga za ta tashi unguwa.

"Ni kuma fa?"

"Kai ban ji an ambace ka ba."

Ranar Zakari bai ƙarasa shayinsa ba. Gaskiya ya tsorata. Gadin nan ba albashi kaɗai ba ne. Ɗakin bayan gida da suke ciki shi da matarsa Hasiya na gadin ne, inuwar mangwaron ma ta gadin ce, har tumatirin da ya shuka a jikin katanga. In get ya tafi, duk sun tafi, sai komawa ƙauye da buhu a ka.

Sai ga wani labarin ya biyo baya. Alhaji, da yake zaɓe ya matso kuma yana hangen kujerar majalisa, ya ɗauki nauyin wata ziyara. Wasu 'yan damben keji, irin waɗanda ke haɗa naushi da shuri da kokawa da maƙure wuya duk a wasa ɗaya, za su kai ziyarar ban girma ga 'yan kwana-kwanan barikin soja ranar Asabar. Za a nuna wasa, a ci abinci, a ɗauki hoto da Alhaji a tsakiya.

Nan dabara ta faɗo wa Zakari. Ya sha gani a gidan dambe: in babban ɗan wasa ya fito da ɗaurarren hannu ya ɗaga shi sama, sai ka ga abokan karawa suna sulalewa ɗaya bayan ɗaya, ba a ko taɓa su ba. Ashe ɗaurin ne ke aiki. To shi ma zai ɗaure, ya je ya ƙalubalanci zakaransu a gaban Alhaji. Yaran birni ne, da sun ga ɗaurin ƙauye za su noƙe. Shi ke nan, wa zai kori mai gadin da 'yan keji suka ji tsoro?

Asabar da sassafe, yana gama shan koko, ya kwance igiyar shanyar Hajiya, matar Alhaji, daga jikin mangwaro, ya ɗauko wani ɗankwalin Hasiya mai furanni, ya dunƙule hannun dama ya miƙa mata.

"Naɗe min."

Hasiya ta dube shi sama da ƙasa. "Malam, ni fa na san ka tun kana saurayi. Rake kake sayarwa a bakin filin damben nan."

"Ke, rage murya! Mai rake ai ya fi 'yan damben sanin dambe. Shi kallo yake, su dukansu ake."

"Kuma na ji an ce sai an zo shiga fili ake ɗaurawa."

"Wannan na ƙananan 'yan wasa ne. Ɗaure kawai."

Ta ɗaure. Da yake ranta a ɓace yake, irin ƙullin da take wa bakin buhun gero ta yi masa, har da sa haƙori ta ja. Hannun ya koma dunƙulen abu kamar kan taɓarya.

Ba a jima ba Alhaji ya fito cikin babbar riga ta farar shadda, sabuwa dal, ya shiga bayan mota. Idi ya danna hon. Zakari ya ruga get, sai a nan ya tuna sakatar nan ta ƙasa hannu biyu take so, ɗaya ya ɗaga ƙyaure, ɗaya ya ja. Ya ja da hagu, ta ƙi. Ya sa ƙafa, takalmi ya fita. Ya buga mata ɗaurin, ya yi tsalle don zafi. Idi ya kwanta a kan hon. Sai Lawan ne ya bar tukunyar shayinsa ya tsallako titi ya shigo ta ƙaramar ƙofa ya buɗe, masu gadin maƙwabta suna leƙe ta kan katanga.

Alhaji ya sauke gilashi. "Zakari, kunama ce ta harbe ka?"

"Ranka ya daɗe, rakiya zan yi maka. Mutanen nan ba a shiga cikinsu babu kariya."

Alhaji ya dubi hannun, ya dubi Idi da ke cizon leɓe, ya ce, "Shigo mu je. Lawan, ka sa mana ido a gidan."

A ƙofar bariki wani soja ya leƙo cikin mota, idonsa ya sauka kan dunƙulen da ke cinyar Zakari. Ya ja da baya, ya gyara riƙon bindiga.

"Mene ne wannan? Fito! Ɗaga shi sama!"

Zakari ya fito hannu a sama. "Yallaɓai, hannu ne. Wallahi hannu ne, nawa ne."

"Me ke ciki?"

"Yatsu."

Idi ya leƙo. "Yallaɓai, igiyar shanya ce. Ni kaina na sha rataya singiletina a kanta."

Sojan ya latsa, ya shinshina, ya kira abokinsa shi ma ya latsa, sannan suka ɗaga musu ƙarfen. Da mota ta wuce Zakari ya gyara zama ya ce, "Ka gani ko? Soja da bindiga ma sai da ya ja baya."

An kafa rumfa a filin da ke gaban tashar kwana-kwana. Jajayen motoci suna jere a ciki, an wanke su suna ƙyalli. Shugaban 'yan kwana-kwanan, Sajan Inuwa, wani kakkauran mutum mai fara'a, ya tarye su tare da limamin bariki. Aka shiga musabaha. Liman ya miƙo wa Zakari hannu, Zakari ya miƙa hagu. Liman ya janye nasa ya dube shi. Zakari ya yi sauri ya miƙa dama. Liman ya rasa inda zai kama, ya dafa saman igiyar da yatsu biyu ya ce, "Allah ya ba da lafiya."

Sai ga 'yan kejin sun sauko daga bas. Zakari ya tsaya a gabansu, ya ware ƙafa, ya ɗaga ɗaurin daidai fuskarsa, ya murtuke, yana jiran su fara sulalewa.

Ashe su gaisuwarsu ke nan, haɗa dunƙule da dunƙule. Suka yi murna ƙwarai. Na farko ya zo ya buga nasa a kan na Zakari, na biyu ma haka, suka yi layi. Na ƙarshe wani ƙato ne da wuyansa ya fi cinyar Zakari kauri. Da ya buga nasa, sai da Zakari ya ji yatsunsa sun yi ƙara a cikin ɗankwali. Ƙaton ya rungumo shi ya ɗauki hoto da waya yana cewa, "Baba, kai ne ɗan gargajiya na ainihi!"

"Tsoro ne," Zakari ya raɗa wa Idi, hawaye na taruwa a idonsa. "Lallashi suke."

Sajan Inuwa ya fara nuna wa baƙi kayan aiki. Aka janyo tiyon ruwa, ya bayyana cewa in an buɗe shi sosai sai mutum uku sun riƙe, na gaba ya saita, na baya su danne. 'Yan keji uku suka gwada, suna dariya suna tangaɗi.

Zakari ya hango Alhaji yana tafa musu. Zuciya ta ɗebe shi.

"Mutum uku a kan tiyo ɗaya? Ni nake ba fulawar gidanmu ruwa kullum. Kawo nan, hagu ta isa."

"Baba, wannan ba na fulawa ba ne," in ji Sajan.

"Buɗe kawai, Yallaɓai."

Ya soke tiyon a hammata, ya kama bakinsa da hagu. Aka ɗan buɗe kaɗan don a rabu da shi lafiya. Tiyon ya kumbura, ya yi miƙa, ya juya Zakari kamar an murɗa shi. Ruwan ya fara da kujerun gaba, ya share hular liman, ya bi ta kan mai hoto, sannan ya samu farar shaddar Alhaji ya zauna a kanta. Kafin a rufe, Zakari yana zaune daɓas a cikin taɓo, tiyon yana dukansa a baya.

"Gwada ƙarfinsa nake," ya ce yana tofar da ruwa. "Ba laifi, yana da ɗan ƙarfi."

Alhaji bai yi faɗa ba, abin da ya fi tayar wa Zakari hankali ke nan. Ya matse hannun rigarsa, ya juya ga Idi ya ce a hankali, amma yadda za a ji, "Ka tuna min, Litinin mutanen kamfanin nan su zo."

Aka kawo abinci kafin wasa, shinkafa dafa-duka da soyayyun kaji, kowa da farantinsa. Aka ajiye wa Zakari nasa, kuma don rashin sa'a kusa da liman. Ya kai hagu zai ɗauki cokali, liman ya yi gyaran murya. Ya mayar da hannun cinya. Ya dubi dama, dama ba ta da yatsu. Ƙamshin kazar nan yana shiga har ƙwaƙwalwarsa.

"Bismilla mana, Guduma," in ji Idi.

"Azumi nake."

"Da koko a gashin baki?"

"Na sahur ne."

"Allah ya karɓa," Idi ya ce, ya jawo farantin gabansa. Zakari yana kallo aka cinye cinyar, aka tauna ƙashin, aka suɗe yatsu. Ga igiyar da ta sha ruwa ta fara tsukewa, hannun yana zuga kamar ana hura masa wuta.

Da aka shimfiɗa katifun wasa, Zakari ya ga in bai yi yanzu ba, Litinin ta same shi. Ya miƙe da yunwarsa da jiƙaƙƙen wandonsa, ya shiga tsakiyar fili, ya nuna ƙaton nan da ɗaurin.

"Kai! Fito mu gwada, in ka isa!"

Ƙaton ya dafa ƙirji cikin ladabi. "Haba Baba, ni ba zan kara da kai ba."

Daɗi ya kama Zakari har kunne. Abin da ya zo nema ke nan. Ya juya ga rumfa ya ware murya. "Jama'a kun ji da kunnenku! Ranka ya daɗe, ka ji ko? Ya ce ba zai iya ba!"

"Ba haka ba ne, Baba," in ji kocinsu. "Mu dokarmu sai nauyi ya zo ɗaya. Ya ninka ka biyu. Amma muna da daidai kai. Tanko!"

Wani gajeren mutum mai murɗaɗɗun kunnuwa ya ajiye gorar ruwansa ya taso yana murmushi. Filin ya ɗauki tafi. Zakari ya waiga ya ga babu ƙofa ta ko'ina, sojoji sun zagaye katifar, Alhaji ya gyara zama.

"Wasa ne na zumunci," koci ya ce. "Abu ɗaya za ka riƙe. In ya kama ka ka ji wuya, ka buɗe tafin hannu ka bubbuga jikinsa. Nan take zai sake ka. Alamar sallamawa ke nan."

"Shi za ka gaya wa," in ji Zakari. "Ni ba a haife ni da bubbugawa ba."

Aka busa usur. Zakari ya yi tsayuwar da ya sha gani daga bayan tulin rake: hagu a miƙe gaba, dama a ɓoye a baya, yana zagaye yana kirari. "Sai ni Guduma, na Hasiya, mai raba mutum da..."

Bai ƙarasa ba. Tanko ya sunkuya ya shige ƙarƙashin hagun, Zakari ya ga sama ta koma ƙasa. Kafin ya gane ina gabas take, yana kwance, hannunsa na hagu yana tsakanin cinyoyin Tanko ana lanƙwasa shi ta inda Allah bai yi zai lanƙwasu ba.

Nan take Zakari ya yanke shawarar sallamawa. Get ɗin ma a kai kasuwa. Sai dai hagun da ke da tafi ita ce a kame. Dama ce kaɗai a sake, ita kuwa ba ta da tafi. Ya ɗaga dunƙulen ya bubbuga bayan Tanko: tim, tim, tim.

Tanko ya ji naushi a bayansa, ya ce a ransa tsohon nan da sauransa. Ya ƙara matsewa.

Zakari ya ƙara bubbugawa da sauri: tim-tim-tim-tim!

"Bai sallama ba!" wani soja ya yi ihu. "Yana rama wa daga kwance!"

Fili ya rikice. "Guduma! Guduma!" Sajan Inuwa yana tsalle. Koci ya durƙusa yana leƙen hannun, ya ga dunƙule ne ba tafi ba, ya ce a ci gaba. Alhaji da kansa ya miƙe tsaye da jiƙaƙƙiyar shaddarsa yana cewa, "Ikon Allah! Ashe da gaske yake?" Idi ma ya saki baki. Abin haushi, a daidai wannan lokacin Zakari ya samu duk abin da ya zo nema, da zai iya daurewa ya rufe bakinsa kaɗan.

Ina! Gwiwar hannun ta yi wata 'yar ƙara, Zakari ya buɗe maƙogwaro gaba ɗaya.

"Wayyoooooo Allah! Wayyoooo Hasiyaaaa! Jama'a ku kawo ɗaukiiii! Na sallama! Rake nake sayarwa! Wallahi rake nake sayarwaaaa!"

Ihun ya tashi sama, ya sauko, ya sake tashi. Tsuntsayen da ke kan bishiyoyin barikin suka watse. 'Yan kwana-kwanan da ke bakin aiki a can cikin tasha, waɗanda ba su san me ake a fili ba, suka zura takalma suka ɗare motoci. Sai ga jajayen motoci biyu sun fito a guje suna neman inda wuta ke ci. Sojojin ƙofa suka rugo da bindigogi. Matan bariki suka fito da bokitai.

Tanko ya sake shi ya yi tsalle gefe, duk ya rikice. "Baba, yi haƙuri! Me ya sa ba ka bubbuga ba?"

"To me kake ji a bayanka tun ɗazu?" Zakari ya ce daga kwance. "Sallama nake maka?"

Sai a lokacin mutane suka gane. Dariyar da aka yi a filin nan, har liman sai da ya zauna a ƙasa yana share hawaye da jiƙaƙƙiyar hularsa.

Aka zo kwance hannun, ƙullin Hasiya ya sha ruwa ya ƙi ko motsi. 'Yan keji suka gwada, suka kasa. Ƙarshe Sajan Inuwa ya aika aka ɗauko ƙaton almakashin da suke yanka ƙarfen mota in an yi haɗari. Zakari ya rufe ido yana salati. Aka datse igiyar gunduwa-gunduwa, sai ga ɗankwali mai furanni ya bayyana, da yatsu biyar a yamushe kamar kuɓewar da ta kwana a rana. Sajan ya tattara guntayen igiyar ya zuba masa a aljihu ya ce, "Baba, mun gode. Yau mun yi atisayen da ba mu shirya ba."

A hanyar komawa, Zakari yana gaba kusa da Idi, kansa a sunkuye. Kunya ta ishe shi, amma ba ita ce ta fi damunsa ba. Tunanin yadda zai gaya wa Hasiya ta fara ɗaure kaya yake, ga tumatirin bai ko nuna ba.

Sun shigo GRA ke nan Alhaji ya yi gyaran murya daga baya.

"Idi, jiniyar da mutanen nan suka ce za su kafa, in an ɗauke wuta tana yi?"

"Sai an tayar da janareto, Alhaji."

"Ƙararta tana kaiwa ina?"

"Sun ce ƙarshen layi."

Alhaji ya nuna Zakari. "Wannan kuwa ba wuta ba janareto, cikinsa ma babu abinci, ya fito da motar kwana-kwana biyu da rabin bariki." Kafaɗunsa suka fara rawa don dariya. "Zakari."

"Ranka ya daɗe."

"In ɓarawo ya shigo gidana, kada ka kuskura ka taɓa shi. Ka ji ko? Hannun nan ka bar shi a kulle yadda shari'a ta same shi. Baki kawai za ka buɗe."

"To... Litinin fa, ranka ya daɗe?"

"Litinin za ka wanke min shaddar nan."

Zakari ya juyo zai yi godiya, murya ta ƙi fita, ta riga ta ƙare a bariki. Sai hawaye kawai. Idi ya miƙa masa tsumman goge gilashi.

Kafin la'asar labari ya riga su zagaye layin, don mai hoton bariki bai yi rowa ba. Da Zakari ya iso teburin Lawan washegari, aka miƙe masa gaba ɗaya.

"Jiniya ya iso! A ba Jiniya wuri!"

Ya zauna, ya karɓi shayi da hannun dama, ya kurɓa a natse. "Ku yi ta dariya," ya ce da dusasshiyar murya. "Amma ku tambayi Idi. Duk barikin nan, daga mai igiya ɗaya har mai tauraro, akwai wanda bai miƙe tsaye ba da na yi magana?"

"Malam!" Hasiya ta ƙwala kira daga cikin gida. "Hajiya ta yi wanki!"

Ta ƙulla guntayen igiyar ɗaya bayan ɗaya, amma abin da almakashi ya ci ya ci, igiyar ba ta kai jikin mangwaro ba. Sabuwa kuwa sai Idi ya shiga kasuwa. Don haka duk wanda ya leƙa gidan Alhaji Abdulbaƙi ranar Lahadin nan ya ga mai gadin a tsakar rana, hannun daman nan da ya gagari Gumel da Maigatari a ɗage sama, riƙe da bakin igiya, zannuwan Hajiya suna ɗiga.

"Ɗaga sosai," in ji Hasiya. "In ka gaji ka bubbuga."